Daga Ƙaho Zuwa Hijama: Sharhi a Kan Sabon Suna da Sabuwar Da'awa a Arewacin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi titunan unguwannin da ke arewa da Kogin Kaduna, tun daga Kawo da Hayin Banki, ya ratsa Unguwar Dosa da Badarawa da Unguwar Kanawa, har ya gangara Tudun Wada da Rigasa, ba zai rasa cin karo da allunan da ke sanar da cewa ana yin hijama ba. Galibi allunan suna ƙofar shagunan da ke sayar da zuma da man zaitun da habbatus-sauda, waɗanda jama'a ke kira kemis na Musulunci. A ƙarƙashin kalmar hijama akan jera sunayen cututtuka, wani lokaci har allon ya cika. Wannan abu bai daɗe da bayyana ba. Shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, wanda yake son a fitar masa da jini wanzami yake aika wa, aikin da za a yi masa kuwa ƙaho ne sunansa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi sharhi a kan maganganun da ke tafe da wannan sabon suna, watau abin da ake rubutawa a alluna da takardun talla, da abin da ake faɗi a lasifika da kafofin sadarwa. Za a auna su da ma'auni uku: da'awar wanzami ta asali, da abin da malaman Musulunci na da suka rubuta, da kuma sakamakon gwaje-gwajen likitoci. Abin da za a nuna shi ne, sauyin suna ya zo da alheri guda babba, watau tsabtar kayan aiki, amma ya zo da faɗaɗa da'awa wadda nassi bai ɗauke ta ba, gwaji kuma bai tabbatar da ita ba. Iyakar abin da bincike ya goyi baya zuwa yau ya fi kusa da 'yar gajeriyar da'awar wanzami.

2.0 Kalmomi Biyu, Aiki Ɗaya

Ƙaho dai sunan abin da ke kan saniya ne, sai aikin ya ɗauki sunan abin da ake yin sa da shi, kamar yadda Bahaushe kan ce an yi wa yaro allura. Wanzami yakan fito da ƙahon daga zabira, an riga an rarake shi an huda tsininsa, ya jiƙa wurin da ruwa, ya kafa, ya zuƙe iskar da bakinsa, sa'an nan ya toshe 'yar ƙofar. Idan fata ta taso sai ya cire, ya yi 'yan tsage marasa zurfi da aska, ya sake kafawa ya zuƙa. Bayan ɗan lokaci ya ɗaga ƙahon ya juye jinin da ya taru. Mai hijama na yau shi ma haka yake yi, sai dai kofin roba ya maye gurbin ƙaho, famfon hannu ya maye gurbin baki, reza ko wuƙar tiyata ta maye gurbin aska.

Ita kuwa hijama kalmar Larabci ce wadda tushenta yake ɗauke da ma'anar tsotsa, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya ambace ta a Risala cikin babin neman magani, ya kuma kyautata ta. Risala kuwa littafi ne da ɗaliban zaure suke karantawa tun ƙarnoni da dama, idan malami ya zo kan kalmar sai ya fassara ta da ƙaho ya wuce. Ke nan hijama tana cikin littafi, ƙaho yana bakin jama'a, kowa kuma ya san abu ɗaya ne. Sabon abin da ya faru shi ne kalmar ta fito daga littafi ta hau allo, aka kuma daina fassara ta.

Dalilin daina fassarar ba boyayye ba ne. Murray Last, a wata maƙala da ya buga a 1981 bisa binciken da ya yi a ƙasar Malumfashi, ya nuna cewa hanyoyin magani a wurin Hausawa hawa-hawa ne: na asibiti da na Musulunci suna da littattafai da daraja, na gargajiya kuwa yana ƙasa. Duk aikin da ya sami damar barin rukunin gargajiya ya shiga rukunin Musulunci, darajarsa ta ɗagu, farashinsa ma haka. Yanayin Kaduna kuma ya taimaka. Gari ne sabo, wanda Turawa suka zaɓi wurinsa a 1913 suka mai da shi hedkwatar Arewa a 1917, akasarin mutanensa zuwa suka yi, kamar yadda sunayen Unguwar Kanawa da Tudun Nufawa suke shaidawa. Har wa yau gari ne na wa'azi da karatun hadisi, inda aka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, inda kuma Shehu Abubakar Gumi ya yi shekaru yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 akasarin Musulmin garin suka ƙara tattaruwa a arewa da kogi. A irin wannan wuri, haja mai sunan Larabci ba ta rasa masaya.

3.0 Da'awar Wanzami

Kafin a auna sabuwar da'awa ya kamata a tuna da tsohuwar. Abin da wanzami yake cewa yana yi shi ne fitar da mataccen jini. Wanda yake zuwa wurinsa kuwa shi ne mai ciwon baya, ko nauyin kafaɗa, ko tsamin jiki bayan aikin gona ko dako, ko ciwon kai mai naci, ko wanda ya bugu wurin ya kumbura. Lewis Wall, a littafinsa kan magungunan Hausawa da aka buga a 1988, ya sa wanzami cikin jerin masu magani da kowannensu yake da fagensa. Karaya ta maɗori ce, haihuwa ta ungozoma ce, saiwa da sassaƙe na boka da 'yar mai ganye ne, rubutun sha na malami ne. Wanzami yana da aski da kaciya da cire beli da sakiya da ƙaho. Wannan rabon aiki shi kansa iyaka ne ga da'awa, domin wanzamin da ya ce ƙahonsa yana warkar da kowace cuta ya shiga gonar wasu, kuma ba za su ƙyale shi ba.

Akwai iyaka ta biyu, watau sanayya. Wanzanci sana'ar gado ce. A Zariya da Kano da Katsina wanzamin gida shi ne ya yi wa uba askin suna, shi zai yi wa ɗa, kuma akwai Sarkin Aska a bisansa. Idan tsaga ta ruɓe, kowa ya san ƙofar da za a buga. A gari irin Kaduna, inda mai ciwo yakan shiga shago bisa ga abin da ya karanta a allo, bai san mai shagon ba balle ubansa, wannan takunkumi ya yi sako-sako.

Ba a nufin cewa bayanin wanzami daidai ne. Tun da Ibnun Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya bayyana yadda jini ke ratsa huhu, William Harvey kuma ya bayyana kewayarsa a jiki duka a 1628, an san jini ba ya kwanciya a ƙarƙashin fatar baya yana jiran a zuƙe shi. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5, zuciya kuma tana tura kusan wannan adadi a kowane minti. Jajayen ƙwayoyin jini sukan yi kwana 120 ko kusa da haka, idan sun tsufa saifa da hanta ne suke kawar da su. Baƙin da ake gani cikin ƙaho launin jinin da ya riga ya sauke iskar oksijin ne, gudajin kuma daskarewa ce da kowane jini yake yi idan ya bar jijiya. Mataccen jini siffanta abin da ido ya gani ne, kuma kuskure ne a matsayin bayanin yadda jiki yake aiki. Sai dai kuskure ne mai gajeren zango, domin abin da aka gina a kansa bai wuce neman sauƙin ciwon jiki ba.

4.0 Harshen Talla

Idan aka dubi allunan hijama da takardunta za a ga jerin ya tashi daga ciwon baya da ciwon kai, ya haɗa da hawan jini, da ciwon suga, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon hanta, da rashin haihuwa, wani lokaci har da amosanin jini, sa'an nan a rufe da sihiri da kambun baka da shafar aljanu. Fagagen da a da suke hannun mutum huɗu ko biyar an tattara su ƙarƙashin kofi ɗaya. Abin lura ga manazarcin harshe shi ne yadda kalmomin Hausa da kansu suke taimaka wa wannan faɗaɗawa. Misalai uku za su wadatar.

Na farko, hawan jini. Wannan suna an ƙirƙire shi ne don cutar da likita yake aunawa da na'ura a damtse, amma ya sauka a kunnen da ya riga ya saba da cewa jini ya yi wa mutum yawa. Abin da ya hau kuwa, a hankalce, rage shi ake yi. Alhali matsalar mai hawan jini ba yawan jinin ba ce, ƙarfin da jini yake tokarar bangon jijiyoyi ne, saboda jijiyoyin sun tsuke ko sun ƙage, tare da hannun ƙoda da gishiri da gado a ciki. An kwashe jini cikin kofi ko ba a kwashe ba, jijiyoyin suna nan yadda suke, jiki kuma zai mayar da ruwan da ya rasa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Na biyu, ciwon suga. Idan aka ce wa mutum akwai suga a jininsa, sai ya ɗauka fitar da jinin fitar da sugan ne. Amma cutar tana ga gazawar jiki wajen samar da sinadarin insulin ko amfani da shi. Ɗan abin da ya fita cikin kofi ba ya taɓa wannan gazawa, abinci na gaba kuma zai mayar da abin da ya fita har da ƙari.

Na uku, guba. Wannan kalma ita ce ta gaji mataccen jini a bakin masu talla, tare da 'yar'uwarta tace jini. A Hausa guba abu ne sananne: a ci a mutu, ko a galabaita. A talla kuwa ba ta da suna, ba ta da awo, ba a faɗin daga ina ta shigo. An aro ta ne daga harshen masu sayar da magungunan tsabtace jiki na ƙasashen Turai da Amurka, aka sa mata rigar Hausa. Tace jini aikin ƙoda da hanta ne, dare da rana suke yin sa. Gaskiya ne wasu masu bincike a Jami'ar Ɗaiba ta Madina sun gabatar da wani ra'ayi a 2013 cewa zuƙar kofi tana tace wasu sinadarai ta ƙananan hanyoyin jinin fata. Ra'ayi ne da ya cancanci a gwada, amma tsakanin samun wani sinadari a cikin kofi da warkar da mai ciwon ƙoda akwai tafiya mai nisa da ba a yi ba tukuna.

Dabarar wannan harshe ita ce jingina da bango biyu. Idan likita ya nemi hujjar gwaji sai a ce masa sunna ce, ba a ja da ita. Idan malami ya nemi nassin da ya ambaci ciwon suga sai a ce masa binciken zamani ne ya gano. Ta haka da'awar take cin darajar ɓangarorin biyu ba tare da ta tsaya gaban alƙalin kowannensu ba.

5.0 Abin da Malamai Suka Ce

Babu jayayya cewa ƙaho ya tabbata a hadisi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, ya biya Abu Ɗaiba ladan aikinsa, kuma ya yaba wa ƙaho a matsayin magani. Abin tambaya shi ne yadda malaman da suka yi sharhin waɗannan hadisai suka fahimce su, domin su ba su bar maganar a sake ba.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, a sashen magani na Zadul Ma'ad, ya danganta amfanin ƙaho da yanayin ƙasa da lokaci da shekarun mutum da yanayin jikinsa, ya kuma nuna ya fi dacewa da mutanen ƙasashe masu zafi irin Hijaz. Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 1449, ya kawo a Fathul Bari cewa maganar ba ta fuskanci tsofaffi ba saboda raunin jikinsu, har ya ambaci ra'ayin Ibnu Sirin na barin ƙaho bayan shekara 40, sa'an nan ya bayyana cewa wannan ya shafi wanda ba shi da larura kuma bai saba ba. Ranakun 17 da 19 da 21 ga wata, waɗanda yanzu ake cika shaguna a cikinsu, sun zo a ruwayoyin Abu Dawuda da Tirmizi, amma Ibnu Hajar ya nuna hadisan ƙayyade rana ba su cika sharaɗin Buhari ba, kuma an ruwaito Imamu Ahmad yana yin ƙaho duk lokacin da buƙata ta taso. Ibnu Haldun ya ma tafi nesa da haka a Muƙaddima, inda yake ganin magungunan da suka zo a hadisi na al'adar Larabawa ne, ba su cikin abin da aka shar'anta. Malamai da yawa ba su bi shi a kan wannan ba, amma samuwar ra'ayin ya nuna ƙofar bincike a buɗe take tun da.

A nan gida ma akwai abin koyi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi wallafe-wallafe a kan magani, har da masu magana kan cuta guda, kamar ciwon ido da basir. Ismail Abdalla, a littafinsa na 1997 kan Musulunci da magani a Arewacin Nijeriya, ya tsaya a kan waɗannan ayyuka. Mutumin da ya keɓe wa kowace cuta bayaninta da maganinta bai ɗauka akwai kofi ɗaya mai kore duka ba. Ashe ke nan allon da ya jera cututtuka ashirin ba tare da sharaɗin shekaru ko ƙarfin jiki ba, ya faɗi abin da magabata ba su faɗa ba, ya kuma zubar da abin da suka kiyaye.

6.0 Abin da Gwaji Ya Nuna

Fitar da jini don magani ya daɗe a Turai kamar yadda ya daɗe a nan. Abin da ya fara karya shi a can lissafi ne. A 1835 wani likitan Faransa, Pierre Louis, ya buga sakamakon ƙirga masu ciwon huhu da aka tsaga wa jijiya, ya tarar waɗanda aka yi wa da wuri sun fi mutuwa. Yau likitoci suna ɗibar jini a matsayin magani a cututtuka ƙalilan, kamar yawaitar jajayen ƙwayoyin jini da taruwar sinadarin ƙarfe a jiki, kuma ta jijiya ake ɗiba, bayan awo. Shi kuwa ƙaho ya sake samun kasuwa a duniya, musamman bayan an ga shatinsa a kafaɗar ɗan ninƙayan Amurka Michael Phelps a wasannin Olamfik na 2016, saboda haka gwaje-gwaje a kansa sun yawaita.

A 2012 wasu masu bincike a Sin suka tattara gwaje-gwaje 135 da aka buga tsakanin 1992 da 2010, suka ga alamun amfani a wasu cututtuka, amma suka bayyana cewa akasarin gwaje-gwajen tsarinsu mai rauni ne. A 2015 aka buga wani gwaji daga Saudiyya kan mutum 80 masu daɗaɗɗen ciwon baya, waɗanda aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka yi wa hijama sun sami sauƙi fiye da waɗanda ba a yi wa ba. Wannan sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, sai dai kowa a cikinsu ya san an yi masa ko ba a yi masa ba, sa rai kuwa shi kansa yana rage raɗaɗi. Domin kauce wa wannan, wasu suka ƙirƙiro kofin ƙarya, mai kama da na gaske amma ba ya riƙe zuƙa. A Jamus a 2016, kan masu ciwon tsoka da gaɓoɓi, da kuma Barazil a 2021, kan mutum 90 masu ciwon baya, kofin gaske marar tsaga bai fi na ƙarya ba. Shi ƙaho mai tsaga yana da wuyar kwaikwayo, domin ba a ɓoye wa mutum cewa an tsaga shi, don haka hukunci a kansa bai kammala ba.

Game da hawan jini, gwajin da aka yi a asibitin Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda, aka buga a 2015, ya fi kowane dacewa da wannan sharhi. Mutum 80 ne, dukkansu suna shan maganin asibiti, aka ƙara wa rabinsu hijama. Bayan mako 4 awon waɗanda aka yi wa ya ɗan sauka fiye da na sauran. Bayan mako 8 bambancin ya gushe. Ko a hannun masu bincike da suke ƙaunar hijama, ƙari ce a kan magani, kuma tasirinta na ɗan lokaci ne. Amma ciwon suga da amosanin jini da ciwon hanta da rashin haihuwa, babu wani ingantaccen gwaji da ya nuna ƙaho yana warkar da su.

Idan aka tattara, abin da za a iya faɗi da gaskiya shi ne ƙaho yana iya kawo sauƙin ciwon baya da wuya da kafaɗa na wani lokaci, ko ta hanyar motsa jini a wurin, ko don zafin tsaga yana danne wani zafin, ko don kwanciyar hankalin wanda aka yi wa. Wannan kuwa shi ne fagen da wanzami ya tsaya a kai tun asali.

7.0 Riba da Hasara

Adalci ne a faɗi inda sabon ya fi tsohon. Ƙahon saniya ba ya wankuwa irin wankin da ke kashe ƙwayoyin cuta, aska ɗaya takan zaga mutane da yawa, wanzami kuma yana sa bakinsa kusa da jinin wani. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ƙwayar cutar kuma tana iya yin kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba. Rigakafinta bai shiga jerin alluran yara a Nijeriya ba sai 2004, saboda haka akasarin magidanta ba su samu ba. Kofin da ake yarwa bayan amfani ɗaya, da sabuwar reza, da safar hannu, ci gaba ne na haƙiƙa. Haka kuma samuwar mata masu yi wa mata ya buɗe ƙofar da a da take da wuyar shiga. Wanzamai da yawa su ma sun koma sabuwar reza tun da aka fara faɗakarwa kan ƙanjamau, wadda aka fara ba da rahotonta a Nijeriya a 1986. Sai dai sunan hijama ba shi ne tsabta ba. Kofin roba da aka ɗauraye aka sake kafa wa wani bai fi ƙaho da komai ba.

Hasarar kuwa tana cikin jerin nan na allo, domin mutanen da ya fi kira su ne waɗanda tsaga ta fi yi wa barazana. Mai ciwon suga rauninsa ba ya saurin warkewa. Mai amosanin jini da ma jininsa bai isa ba, a rage masa kuma ƙari ne a kan ciwo. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa yana shan maganin tsinka jini. Mai juna biyu da tsoho da mai farin ido duk haka. Mafi muni shi ne mai hawan jini da zai ji wasai bayan hijama ya ajiye ƙwayoyinsa, alhali cutarsa ba ta cika yin gargaɗi kafin ta kayar da mutum ba. Wanzami yana iya barin mutum da tabo ko ƙwayar cuta. Da'awa marar linzami tana iya raba shi da maganin da ke riƙe da ransa.

8.0 Gurbin da Manazarta Suka Bari

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi ƙoƙari wajen adana wannan sana'a. Bashir Aliyu Sallau, wanda shi kansa ɗan gidan wanzanci ne daga ƙasar Katsina, ya wallafa Wanzanci da Muhimmancinsa ga Rayuwar Hausawa a 2010, akwai kuma kundayen neman digiri da dama a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato. Sai dai wata al'ada ta zama ruwan dare a kundayen ɗalibai, watau a jero amfanin ƙaho kamar yadda mai sana'a ya faɗa, ba tare da an bambanta “an ce yana magani” da “yana magani” ba. Kalma biyu ce ta raba su, amma a tsakaninsu ne aikin manazarci yake. Idan kundi ya shafe wannan bambanci, gobe mai talla zai ɗauke shi ya ce jami'a ta tabbatar.

Aikin da ke jira a Kaduna a fili yake, kayan yin sa kuma suna kusa da juna. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da masu nazarin Hausa, tana kuma da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa suna riƙe da rubuce-rubucen malaman jihadi. Ana buƙatar a tattara kalmomin tsofaffin wanzamai tun suna raye, a rubuta matanin alluna da tallace-tallace kamar yadda ake rubuta waƙa ko kirari don a yi nazarinsa, a kuma zauna da likitoci a sake duba sunayen cututtuka irin hawan jini waɗanda suke kai mai ji inda ba a nufa ba. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta buɗe sashen magungunan gargajiya a 2018, duk wata ƙa'ida da za a shimfiɗa wa masu wannan aiki kuwa da Hausa za ta isa gare su, kuma wani ne zai zaɓi kalmominta.

9.0 Kammalawa

An ga cewa ƙaho da hijama aiki ɗaya ne, kuma malaman zaure sun daɗe da sanin haka. An ga cewa da'awar wanzami gajera ce, rabon sana'a da sanayya suna tsare ta, yayin da da'awar allo ta faɗaɗa ta hanyar kalmomi irin hawan jini da suga da guba. An ga malaman hadisi sun kafa sharuɗɗan da talla ta watsar, gwajin likitoci kuma bai ba ƙaho fiye da sauƙin ciwon jiki na ɗan lokaci ba. Wanda ya yi ƙaho don koyi da Manzon Allah yana da niyyarsa, wanda ya yi don bayansa ya saki yana da hujja gwargwado. Abin da ya rage shi ne mai kofi ya riƙe tsabtarsa, ya karɓi iyakar da wanzami da Ibnu Hajar suka sani, ya kuma goge daga allonsa duk cutar da ba zai iya tsayawa gaban malami da likita a zama ɗaya ya kare ta ba.